Na Ara Wa Bature Bakina, Ya Hau Kujerata

Malam Edita, ina gaishe ka da aiki, ina kuma gaida masu karatu. Na daɗe ina bin labaran da jama'a ke aiko muku, masu sa hawaye da masu sa tsaki. Yau ga nawa, wanda har gobe ban tabbatar ko kuka ya cancanta ko dariya ba. Matata ta ce dariya, don ita ta riga ta yi tata ta ƙoshi. Ba zan kama sunan kowa ba, wanda ya gane kansa a ciki ya yi haƙuri.

A lokacin da abin ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai. Haifaffen unguwar Birni ne ni a nan Damagaram, jikan Barebari, ɗan dillalin dabbobi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai bar mana gida mai bene ba, amma ya bar mini baki. Na tashi ina ganin mai saniya zai ce mai saye ba shi da kunya, mahaifina ya juya ya ce wa mai sayen wai ɗan'uwansa na roƙon ya ɗan ƙara don girman zumunci, a rabu ana dariya. Yakan ce magana kamar fata ce, ba a kai ta kasuwa ɗanya sai an jeme ta. Na yi lakwal, wato makarantar boko, na yi jami'a a Yamai inda na karanta noma da kasuwanci, na dawo gida na kama aiki a wani kamfanin Turawa mai sayen riɗi da gyaɗa yana fitarwa waje. Shekara goma sha ɗaya na yi a matsayin adjuwan, wato mataimakin direkta, kuma duk wanda ya san wurin ya san ni ne ke jan ragamar aikin.

Babu wata takarda da aka rubuta cewa baƙar fata ba ya zama direkta a kamfanin nan. Amma in ka shiga biro, wato ofis, ka ɗaga kai ka dubi hotunan direktocin da suka gabata, za ka gan su jere a bango jajawur, babu ko ɗaya mai kama da mu. Biyu daga cikinsu ni na koya musu yadda ake damƙar riɗi a tafin hannu a gane wanda aka cuɗa da rairayi. Kowanne ya zo bai san hanyar kasuwa ba, ya tafi da ƙarin girma, ni kuwa a bar ni da takardar godiya. Akwai ranar da muka je taro Yamai, wani babba daga uwar kamfani da ke Turai ya fito daga otel, ya gan ni tsaye cikin babbar riga, ya miƙo mini jakarsa ya tambayi inda na ajiye mota. Na riƙe masa jakar har zauren taro. Da aka kira mai gabatar da rapor, wato rahoton Damagaram, sai na ajiye jakar a gabansa na hau kan dandamali. Jan da kunnuwansa suka yi ranar ya ishe ni dariyar wata guda, amma in na zauna ni kaɗai abin yakan ci mini rai.

Direktan da muke da shi a lokacin tsoho ne mai kirki, ga ciwon baya, yana shirin ajiye aiki ya koma ƙasarsu. Wata rana ya kira ni ya rufe ƙofa, ya ce uwar kamfani ta yarda zamani ya canza, kuma ya ba da sunana a matsayin magajinsa. Sharaɗi ɗaya suka gindaya. Manoman wasu ƙauyuka na ƙasar Droum, waɗanda riɗinsu ya fi na kowa kyau, sun yi shekara uku ba su sayar mana ba, don sun ce sikelin magazarmu, wato ɗakin ajiyar kayanmu, na cin kayansu. In na dawo da su kafin kaka, kujerar direkta tawa ce. Na fito daga biron nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Na san maganin abin, don ni ma ɗan ƙasa ne. Na tsara cewa sikeli ya bar magaza ya je ƙauye, a yi awo a gindin bishiya a gaban kowa, mutum nasu ya karanta abin da sikeli ya nuna, kuma kowace ranar kasuwa a zazzage buhu ɗaya a auna shi da tiya don a gwada gaskiyar ƙarfen. Buhunan zuba kaya kuma mu kai musu tun kafin a yanke riɗi. Sau uku ina zuwa wurin shugaban ƙungiyar manoman, wani dattijo mai farin gemu da nake kira Baba. Kowane zuwa zai sa a shimfiɗa mini tabarma, a dama mini fura, ya saurare ni har in gama. Daga nan sai ya yi murmushi ya ce maganata da daɗi, amma ni ɗan aike ne, ɗan aike kuwa ba ya yanke magana, in je in kawo mai kamfanin. Na yi rantsuwa har na gaji cewa abin da na faɗa shi za a yi. Baba ya ce ya yarda da ni ɗari bisa ɗari, amma dai a kawo mai kamfanin. Tsohon direkta kuwa bayansa ba zai ɗauki wannan hanya ba ko da a katifa za a kai shi.

Ana cikin haka aka turo mana estajiyer, wato ɗan koyon aiki, wani saurayin Bature dogo siriri da bai wuce shekara ashirin da biyar ba. Yaro ne mai sauƙin kai, ba shi da raini ko kaɗan. Hausarsa duka ba ta wuce sannu da na gode ba, babban abin da ya sa a gaba kuma shi ne kilishi. Wata rana na tafi da shi wani biro da ba zan faɗa ba, inda dosiyenmu na takardun kamfani ya yi wata biyu yana barci. Mai gadin da ya saba kora ta da cewa shef, wato shugaban wurin, ya fita, ranar har da sara mana. Kafin mu shanye shayin da aka kawo an sa hannu an buga hatimi, alhali yaron nan bai yi komai ba sai murmushi. A hanyar dawowa na yi ta satar kallonsa, jinin dillanci ya motsa.

Da na koma gida na gaya wa matata dabarar da na ƙulla. Bafulatana ce, kun san tsakaninmu da su, ba ta taɓa barin Babarbare ya sha ruwa lafiya. Ta ajiye tsintsiya ta dube ni, ta ce ita dai ta san Babarbare ba ya rasa dabarar da za ta kai shi ta baro shi, in tuna kura ce ke shan bugu gardi ya karɓi kuɗi. Na ce ta tsaya ga ƙwaryar nononta, ta bar wa masu ilimi harkar kamfani. Ta ce to, Allah ya ba masu ilimi sa'a.

Ranar kasuwa da hantsi muka isa ƙauyen. Na sa yaron a gaban mota, ni na zauna a baya. Tun daga bakin gari labari ya riga mu. Ni da na zo sau uku aka ba ni tabarma, sai ga darduma an shimfiɗa, an ɗora kujera mai hannu a kai, ni kuwa aka bar ni tsaye a gefe. Aka zaunar da yaron, na gabatar da shi a matsayin ɗan masu kamfani daga Turai, maganar da ba ƙarya ba ce, ba kuma gaskiya ba. Ya miƙe yana gumi, ya faɗa da Faransanci cewa ya yi murna da zuwa, akwai zafi sosai, kuma bishiyoyin garin na da kyau. Ni kuwa na gyara riga na buɗe baki. Na ce baƙo ya ce ya ƙetaro teku don ya ji an ɓata wa iyayensa manoma rai, ya ce tsakanin mai noma da mai saye kamar harshe da haƙori ne, a saɓa a shirya, kuma wanda ya ci guminku ba zai ga da kyau ba. Baba yana ta gyaɗa kai.

Yaron ya sunkuyo ya tambaye ni a hankali ko jakin da ke bayansa yana cizo. Na juya ga jama'a na ce baƙo ya ce daga yau sikeli zai zo ƙauye. Ya sake tambaya ko za a samu ruwan sanyi. Na ce baƙo ya ce mutum naku ne zai karanta awo, kuma tiya ce alƙali. Mata suka rangaɗa guɗa. Da ya ga abin ya yi tsawo, sai ya raɗa mini cewa shi bai ga ya faɗi magana mai yawa haka ba. Na ce masa Hausa harshe ne mai kwana-kwana, kalma ɗaya ta Faransanci sai ta ci goma. Ya ce lalle harshe ne mai ban sha'awa. Kafin azahar an gama magana, an yi fatiha. Da za mu tafi Baba ya dafa kafaɗata, ya ce in buɗe kunne in koya, ga yadda manya ke magana kai tsaye, ba irin kewaye-kewayen da na yi ta yi masa ba. Na ce to Baba, zan koya.

Kakar nan riɗi ya yi ta kwarara har magaza ta rasa wurin ajiya. Da na ga dabara ta ci, sai na zarce. Na ja yaron ƙauye-ƙauye har wajajen Takeita, ko'ina shi a kujera ni a tsaye, shi ya yi maganar zafin rana ni in zuba karin maganar mahaifina. Aka laƙaba masa Mai Sikeli. Shi kuwa ya ɗauka mutanenmu ne kawai ke da son baƙo, yana ta ɗaukar hotuna yana aika wa uwarsa. Da na zo rubuta rapor na ƙarshen kaka, tarbiyyar gida ta riƙe mini hannu. An rene mu a kan yabon kai jahilci ne, don haka na rubuta an yi kaza, mun yi kaza, har na ƙara da cewa ziyarar estajiyer ta taimaka ƙwarai. A zatona aiki zai yi magana da kansa.

Bayan kaka wata Madam, babba daga uwar kamfani, ta zo ganin abin mamakin da idonta. Ta taho da tafintanta daga Yamai, wani bawan Allah mai tsoron Allah wanda ke kai magana yadda aka ba shi, ba gishiri ba yaji. Muka je Droum. Baba ya miƙe ya shiga ba da labarin Mai Sikeli, yadda ya zo ya warware rikicin shekara uku a zama ɗaya. Ina tsaye ina jin karin maganar mahaifina ɗaya bayan ɗaya suna komawa Faransanci da sunan wani. Madam ta dubi yaron baki buɗe, shi kuma ya dube ni kamar wanda aka tasa daga barci. Sai ta nuna ni ta tambayi Baba ni fa. Baba ya ce ai yaron kirki ne, mai ladabi, yana riƙe wa Bature jaka da kyau, kuma a tafinta ba shi da laifi. A nan ne ya kamata in buɗe baki. Amma in na yi magana zan tona kaina a gaban dattijon da na yaudara, a gaban jama'arsa. Kunya ta kama ni, na sunkuyar da kai na yi murmushin yaƙe.

Mako uku bayan haka takarda ta zo. Tsohon direkta ya miƙo mini ita bai iya haɗa ido da ni ba. An naɗa estajiyer direkta, wai ya nuna wata baiwa ta fahimtar mutanen ƙasa da ba a cika samu ba. Ni kuma an gode mini, an ce har yanzu da saurana a fannin jagoranci, an roƙe ni in tallafa wa sabon shugaba. Na koma gida da rana tsaka. Matata ta dubi fuskata, ta kawo tuwo ta jira na ci na wanke hannu. Da na karanta mata takardar sai ta fashe da dariya har ta dafa bango, tana cewa sannu mai ilimi, sannu gardin da ya koma kura. Can ta zauna kusa da ni tana share ido, ta ce Allah ya isa, wannan zalunci ne. Gaskiya abin ya yi mini ciwon da ban taɓa jin irinsa ba, na yi kwanaki abinci ba ya mini daɗi.

Ranar Lahadi da la'asar sai ga sallama. Sabon direkta ne, ya tako da ƙafa ta lungunan Birni, takalminsa cike da rairayi. Ya zauna a tabarmar zaure, ya ce ya zo ne in gaya masa tsakani da Allah me ya faɗa a Droum. Na kwashe komai na gaya masa, har da maganar jaki. Ya yi dariya har ya kwanta, sa'an nan ya tashi zaune, fuskarsa ta canza. Washegari ya rubuta wa Madam doguwar wasiƙa, ya nuna mini kafin ya aika. Ya ce tsarin nawa ne, maganar tawa ce, shi bai san ko me ake tattaunawa ba, kuma kujerar ni ta dace da ni. Har yau ina ganin girmansa a kan wannan.

Amsa ta zo cikin kwana biyar, shi da kansa ya karanta mini. Madam ta ce wasiƙarsa ta taɓa zuciyarta, kuma irin wannan tawali'u da ɗaga na ƙasa shi ne ainihin halin shugaba, ya ƙara tabbatar musu ba su yi zaɓen tumun dare ba. Muka zauna muna kallon juna. Ni na ƙi yabon kaina aka ce ban iya jagoranci ba, shi ya ƙi yabon kansa aka ce shugaba ne na haihuwa. Ranar na gane cewa ko da ban yi dabarata ba, da wuya su rasa wani dalilin. Ƙofar dama a rufe take, ni dai na taimaka na danna mata sakata.

Abu ɗaya ya rage yana damuna, shi ne Baba. Na hau mota ni kaɗai na tafi. Na same shi yana gyaran igiya a ƙofar gida, na durƙusa na faɗa masa gaskiya tun daga farko. Ya saurare ni yana ta tauna goro. Can ya tambaya ko maganar harshe da haƙori ma tawa ce, na ce ta mahaifina ce. Ya girgiza kai, ya ce lalle na yi ƙarya, kuma bai ji daɗi ba, amma su ma sun saye ta ne don irin hajar da suke so ke nan. Ya ce yanzu da ya tuna, abin da Bature ya kawo shi ne abin da na zo da shi har sau uku yana ba ni fura yana sallama ta, ya yi wa rogo kallon kitse da furfurarsa. Sai ya sa aka kira mutanen gari. Da suka taru ya nuna mini daidai inda aka taɓa ajiye kujerar nan, ya ce in tsaya a wurin in maimaita musu maganar da sunana.

Malam Edita, ni da na yi wata da watanni ina zuba zance da sunan wani ban taɓa yin tuntuɓen harshe ba, ranar bakina ya yi nauyi. Babu karin magana ko ɗaya da ta zo mini. Da ƙyar na ce ni ne na tsara zancen sikeli, ni ne na yi tunanin tiya, kuma ina neman gafararsu. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi salati. Baba ya ce to madalla, yau sun ji daga bakin mai ita.

Na ƙara shekara biyu a ƙarƙashin yaron nan, bai taɓa yanke shawara bai tambaye ni ba, har yanzu muna gaisawa a waya. Da wa'adinsa ya cika aka turo wani jan kunnen, ni kuma na ajiye aikina ban jira in koya masa damƙar riɗi ba. Yanzu da ƙungiyar manoman nake aiki, ni ke sayar musu da kayansu ga duk kamfanin da ya fi kyautatawa, har da tsohon wurin aikina. Rufin asiri alhamdu lillahi, matata kuwa ta samu abin tsokana na har abada.

Abin da ya sa na rubuto shi ne ƙannena da ke aiki a irin waɗannan wurare. Wariyar nan gaskiya ce, ba a rubuta ta a takarda, kuma ba kullum take zuwa da zagi ba, wani lokaci da wasiƙar godiya take zuwa. Kada ka ce don an raina fatarka za ka ɓuya bayan ta wani ka ci riba, duk abin da ka gina a can shi za a rubuta wa. In ka yi aiki ka sa sunanka, ka ce ni na yi, faɗin gaskiya ba yabon kai ba ne. Ku kuma iyayenmu na gari da na ƙauye, da masu gadin biro da masu riƙe da hatimi, in ɗanku ya zo da magana ku auna maganar, ku daina leƙa bayansa kuna neman mai ita. Turawan da ke can nesa sun hana ni kujera, wannan na iya haɗiye shi. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne sai da na nemi gafara kafin mutanena su yarda cewa hankalin da suka yi wa guɗa na ɗansu ne.